Muryar Dinah Ba Gadon Coci Ba Ce

Gumel,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yaya Moses,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Mama Rifkatu da yara da duk mai cin tuwon gidanka a Jos. Yaya ƙafar nan taka da ke kumbura in ka daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja da ranka, domin yanzu kai kaɗai ka rage wa yaran nan a matsayin uba. Mu ma muna nan da rai, mun gode wa Allah. Damina ta yi kyau bana, gero ya shigo gida, mutane na ta kakkaɓe riɗi. 'Yar gonar nan da marigayi mijina Elias ya ara a hanyar Gagarawa ma ba ta ba mu kunya ba. Maƙwabta ne suka taya ni girbi, ko ruwan da na kai musu sai da suka ce na wahalar da kaina. Ɗana Habila yana makaranta, ya yi tsawo har wandon babansa ya fara yi masa daidai. Injin markaɗena yana nan yana ciyar da mu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da karatuna bai wuce firamare ba, ga kuma waya a hannun kowa. Na zaɓi rubutu ne domin a waya kai ne mai magana, ni ce mai cewa to. In na fara sai ka kawo aya. In na sake farawa sai kuka ya ci ƙarfina, kafin in share hawaye ka yi addu'a, ka ce amin, ka kashe. Takarda kuwa ba a katse ta. 'Yata Dinah ce za ta miƙa maka ita hannu da hannu, domin gobe da safe zan sa ta a mota ta dawo makaranta. In ta iso kada ka tambaye ta labarin hanya, ba za ta amsa ba. Ka ba ta ruwan ɗumi, ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma kai ne ka ɓata shi. Tun da na shigo gidanku amarya ban taɓa ɗaga maka murya ba, amma yau sai ka yi haƙuri ka ji. Da hawan jini ya kayar da ƙaninka a wurin aiki, muka rufe shi a nan Gumel kamar yadda ya roƙa, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba dattawan cocinmu suka ja ka gefe ƙarƙashin darbejiya. Ina zaune cikin mata ina hangen ku, na ɗauka ta'aziyya suke ƙara yi maka. Ashe 'yata kuke rabawa. Suka ce maka Malam Elias mai koyar da waƙa ya tafi, ƙungiyar mawaƙa ta zama marainiya, ba wanda ya san waƙoƙinsa kamar Dinah, tunda kuma karatun waƙa take yi a jami'a, ai Allah ne ya shirya ta domin wannan rana. Kai kuma ka ce ka ba su ita. Haka Dattijo Istifanus ya faɗa mini da bakinsa yana murmushi, wai yayan Malam ya ba su ita. Kamar babur ɗin Elias, ko kujerun roba. Ba ka tambaye ni ba, ni da na haife ta. Ita ma ba ka tambaye ta ba, sanar da ita ka yi. Aka ce ta riƙe su na ɗan lokaci kafin a sami wani. Da farko tana zuwa tana komawa, wuni guda a mota tsakanin Jos da Gumel. Da aka yi dogon hutu ta zauna. Da aka koma makaranta ka ce ta tsaya sai an gama gasar mawaƙa ta shekara da za a yi a Maigatari. An yi bikin Ista, an yi damina, ga shi an yi kaka, ba a sami kowa ba, domin ba wanda ya nema.

Kai kana can a cocinku mai bene da fiyano da lasifika, ba ka san yadda ake koyar da waƙa a nan ba. Bari in gaya maka. Mawaƙanmu ba sa karanta alamomin waƙa. Masu gadi ne, da ma'aikatan asibiti, da matan 'yan sanda da na kwastan, da masu sayar da kayan gyaran babur. A baki ake ba su waƙa. Elias zai tsaya gaban 'yan sofurano, matan da ke ɗaukar muryar sama, ya siranta muryarsa ya rera layi guda, su maimaita, ya sake, su sake, har ya zauna musu. Ya matsa wurin 'yan alto ya yi musu haka. Ya je wurin maza 'yan tena. Sannan ya ƙare da 'yan bes masu muryar ƙasa mai kauri, wadda ita ce tasa ta ainihi. Murya huɗu daga maƙogwaro ɗaya. Shi namiji ne mai faɗin ƙirji, duk da haka in ya dawo daga Sule Tankarkar sai na dafa masa ruwan citta, ya wuni bai ce mini uffan ba. Haka ya yi shekara da shekaru a kan babur, Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar. Bai taɓa koya wa wani yadda ake koyarwa ba, su ma ba su taɓa tambaya ba, tunda ga shi nan kullum. Wannan aikin ka ɗora wa yarinyar da muryarta siririya ce kamar sarewa.

Kada ka ce ba ta yi dabara ba. Ta ɗauko ɗan fiyanon nan mai batir da aka ba coci kyauta, ta danna wa maza layinsu. Suka tsaya suna kallon ta. Dattijo Istifanus, wanda shi ne babba a cikin 'yan bes, ya ce mata su ba sa jin yaren na'ura, Malam a baki yake ba su. Ta ɗauki muryar wani abokin karatunta namiji a waya, ta tura musu kowa ya saurara a gida. Ranar koyo suka zo ba wanda ya iya. Wannan ya ce wayarsa ba caji, wancan ya ce yara sun goge, wani kuma ya ce muryar baƙon ba ta da albarka irin ta gidan Malam. Daga ƙarshe ta yi musu abin da suke so. Ta sunkuyar da haɓa, ta danne maƙogwaro, ta tono muryar maza daga inda Allah bai ajiye mata ba. Suka yi tafi, suka ce jinin Malam ne. Tun daga ranar ba ta sake hutawa ba. Yau tana Gumel, gobe ɗan acaɓa ya kai ta Maigatari, jibi Sule Tankarkar. In an yi rasuwa a Gagarawa ita ce, in ana aure ita ce. Rumfar da suke koyo a Maigatari tana bakin titi, sai ta ɗaga murya ta fi ƙarfin manyan motoci kafin na baya su ji. Karatun da ta zo da shi za ta riƙa dubawa yana nan cikin jaka, ba ta ko kwance bakinta ba.

Ka tuna Iya Sabuwa, tsohuwar nan maƙwabciyarmu da ta kawo muku fura lokacin zaman makoki? Wata safiya ina wanke inji sai ga ta ta faɗo, mayafi a karkace, tana leƙa ɗakuna. Ta ce ita fa ta ji muryar namiji ta katanga, ta zo ta ga angon da na ɓoye tun ban fita takaba ba, in kuwa mai hali ne to ita ma a nemo mata wansa. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, na ɗaga labule na nuna mata. Dinah ce zaune a bakin gado, hannu a wuya, tana gwada layin 'yan bes na gasar Maigatari. Tsohuwar nan ta daina dariya, ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta ja ni tsakar gida ta ce ita ba ta san addininmu ba, amma ta san yarinyar da ke rera waƙa a gidan nan tun tana wasan ƙasa, har ita takan ajiye taɓarya ta saurara, kuma wannan da take ji yanzu ba ita ba ce. Ta kira ni Maman Dinah, ta tambaye ni me muke yi wa yarinyar nan. Ta koma gida ta aiko da zuma da kanumfari. A ranar na kira ka. Ka ce mura ce, ka ce in an tashi aikin Allah dole Shaiɗan ya yi yaƙi, mu dage da addu'a. Na yi addu'ar, ta sha zumar, muryar ta ci gaba da dishewa.

Ka tuna lokacin da Dinah ta ce waƙa za ta karanta? Kai ne ka fara cewa waƙa ba karatu ba ne, ta yi aikin jinya ko lauya, waƙa ai ko tsuntsu yana yi. Elias bai saba yi maka musu ba, amma ranar ya yi. Ya ce shi ya ƙare rayuwarsa yana haɗa muryoyi da kunne, yana jin sun dace amma bai san dalili ba, kamar direban da bai taɓa buɗe inji ba, yana so 'yarsa ta san dalili. Duk hutun da ta zo sai ya zauna a tabarma ya zama ɗalibinta, tana nuna masa yadda ake jawo numfashi daga ciki, yana dariya yana cewa ashe duk shekarun nan talla yake yi, ba waƙa ba. Sau ɗaya ta kwaikwayi muryarsa mai kauri don ta ba mu dariya, ya tsawata mata sosai, ya ce kada ta sake wasa da abin da ba a sayarwa a kasuwa. Shi ne yanzu kai ka kira ta ka ce mata karatun jami'a waƙar duniya ce, wannan kuwa aikin Ubangiji ne, in ta bar ƙungiyar babanta ta watse kamar ta binne shi sau biyu ne. Ina kusa, wayar a buɗe take, na ji da kunnena. Yarinyar da ba ta gama kukan ubanta ba ka gaya wa wannan magana. Jiya waƙa ba karatu ba ne a wurinka, yau da ake bukatar mai koyarwa ta zama baiwa mai tsarki da ba a taɓawa. A Jos ɗin ma ba ka bar ta ta huta ba. Ka sa ta a ƙungiyar cocinku, duk auren ɗan abokinka sai ka ce ga 'yarka nan za ta yi waƙa ta musamman.

Malamarta ta murya ta kira ni da kanta, ban ma san inda ta samo lambata ba. Da Turanci ta fara, da ta ji ina ta cewa e, e, sai ta juya Hausa irin taku ta Jos. Ta ce wannan ce shekarar Dinah ta ƙarshe, kuma jarrabawar fita ba a takarda kaɗai ake yin ta ba. Ɗaliba za ta tsaya ita kaɗai gaban malamai da jama'a ta rera waƙoƙi da muryarta. Ta ce ta ji Dinah a waya, hankalinta ya tashi. Ta yi mini bayani yadda zan gane, wai a cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan fatu biyu masu laushi da ke haɗuwa su ba da sauti, in ana tilasta musu abin da ba nasu ba sai su yi kanta, irin wadda ke fitowa a hannun mai daka. In an huta da wuri takan baje. In an ci gaba sai dai aiki a asibiti, kuma ko an yi ba lallai muryar ta dawo yadda take ba. Ta ce ita ma a coci ta taso, har yau tana cikin mawaƙa, kuma ba ta hana ɗalibanta waƙar coci, yawancinsu a can suka fara. Abin da take roƙo kawai, kowa ya rera muryarsa, kuma a bar yarinya ta yi barci ta yi karatu. Ta ce in Dinah ba ta dawo yanzu ba, shekarar ta tafi. In kuma ba ta yi shiru ba, abin da zai tafi ya fi shekara. Na sake kiran ka na gaya maka. Ka ce a bari a wuce gasar Maigatari tukuna.

Sai ga ranar bikin godiya na kaka. Coci ya cika, an jera dammunan gero da buhunan riɗi da kaji a gaban bagade, har 'yan'uwa daga Maigatari sun zo a mota. Aka sa waƙar nan da Elias ya haɗa shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, wadda maza ke farawa a ƙasa, mata su shigo, sannan murya ɗaya ta tashi sama ita kaɗai. Tun tana sakandare Dinah ce ke ɗaukar wurin nan. Maza suka fara, tana ba su da hannu, tana taya su da baki don kada su ɓace. Mata suka shiga. Wurinta ya zo. Ta ɗaga kai ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska, kamar an huda tayar keke. Ta sake gwadawa, sai wani ɗan ƙara irin na ƙofar da ta yi tsatsa. Ta tsaya baki buɗe, idonta a kaina. Ka san abin da jama'ar Allah suka yi? Suka ɗauka kukan babanta ne ya kama ta. Matan ƙungiyar zumunta ta coci suka fashe da kuka, wata ta rangaɗa guɗa, wani ya ce Ruhu ya sauko, aka miƙe tsaye ana tafi. Fasto ya hau mumbari ya ce yau an ga yadda ake waƙa da zuciya, ba da baki ba. 'Yata tana tsaye muryarta na mutuwa a gaban kowa, su kuwa suna halleluya. Ba kuka take yi ba, Yaya. Na san fuskar kukanta. Wannan tsoro ne. Da aka tashi, Dattijo Istifanus ya zo wurina yana share ido, ya ce in ta yi haka a Maigatari to kofin bana namu ne.

Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ɗakin da dattawa ke zama bayan sujada ba. Ka san mace ba ta shiga sai an kira ta. Na shiga da zanin zumunta a jikina, ban durƙusa ba. Na ce musu daga yau Dinah ta ajiye aiki. Fasto ya ce in zauna mu yi addu'a tukuna, na ce masa na yi tawa tun a hanya. Dattijo Istifanus ya ce ai maganar ta wuce ni, mai gida ya riga ya bayar, yana nufin kai. Na ce masa maigidana yana kwance a makabarta, in suna da magana da shi sun san hanya. Na tambaye shi, yana tsaye a layin bes tun Dinah ba ta yi haƙori ba, ashe duk shekarun nan bai riƙe waƙa ko ɗaya da zai iya ba na kusa da shi ba? Ƙato da shi, ga gemu ga furfura, sai yarinya ta shaƙe kanta ta sa masa waƙa a baki kamar ɗan tsuntsu? Wani ya ce in ji tsoron Allah, ƙungiya za ta mutu. Na ce masa ta sha ƙarfin uban, ba za ta ci muryar 'yar ba. Wani kuma ya ce to a bar ta ta koyar da maza kaɗai, tunda wannan muryar ce ta rage mata. Yaya, da akwai taɓarya a ɗakin nan da yanzu daga ofishin 'yan sanda nake rubuto maka. Na juya na fito. Na san yanzu ana ta cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai, wataƙila ma labarin ya riga takardar nan isowa wurinka.

Lahadin da ta wuce na zaunar da ita kusa da ni a bencin mata, na naɗa mata gyale a wuya, na riƙe hannunta. Mawaƙa suka fito ba mai tsaya musu a gaba. 'Yan bes suka shiga kafin lokaci, 'yan tena suka bi mata suka ɓace, 'yan alto suka yi tsit. Suka tsaya, suka kalli juna, suka sake, abin ya sake rushewa. Daga ƙarshe wata tsohuwa daga cikin jama'a ta ɗaga wata waƙar da kowa ya sani tun yana yaro, duk coci ya bi ta da murya ɗaya, ba ta sama ba ta ƙasa, ba wani daɗi. A nan ne na san mijina ya mutu. Na ga gawarsa, na ga an tura ƙasa, na karɓi gaisuwa. Amma duk Lahadi in na ji muryoyin nan huɗu sun haɗu yadda ya saba haɗa su, sai wani gefe na zuciyata ya ce yana nan, ya ɗan fita ne. Ranar nan babu shi ko'ina a cikin ɗakin. Na yi kukan da ban yi a makabarta ba. Sai na gane abin da dattawan nan ke gudu, da abin da kai ma kake gudu daga nesa. Ba ku son jin cocin da babu Elias a ciki. Ni ma ba na so. Amma ya mutu. Ƙaninka ya mutu, Yaya, kuma ba za a ci gaba da tono shi daga maƙogwaron 'yarsa kowane mako don mu ji sanyi ba.

Dinah tana fushi da ni. Ba ta magana, rabi don malamarta ta hana, rabi don ni. Muna ɗaki ɗaya amma ta waya take rubuto mini abin da take so. Ta rubuta cewa na kunyata ta, ta yi wa mutanen Maigatari alkawari, kuma ita tana son waƙar coci, ba wanda ya tilasta mata son ta. Na san gaskiya ta faɗa. Tana goye a bayana ta fara jin babanta yana koyarwa, a cikin waƙar nan ta buɗe ido. Ban ce ta bar Allah ba, ban ce ta bar mawaƙa ba. Cewa na yi ta warke, ta gama karatu, ta tsaya a layinta ta rera nata. In ta gama tana so ta dawo da iliminta, ta kama namiji ɗaya ta koya masa yadda zai ba maza, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, ni zan dafa mata abincin hanya. Fushin kuwa ta yi, zan iya ɗauka. Gara ta shekara ba ta gaishe ni ba, in dai ranar da za ta gaishe ni da muryarta za ta yi.

Yanzu ga abin da nake so a wurinka, kuma ba roƙo nake yi ba. Ka kai ta wurin likitan maƙogwaro da zarar ta iso, malamarta ta san wanda za a gani. Ka kira Fastonmu, da bakin nan da ka bayar da ita, ka ce ka karɓe kyautarka. Za su kira ka, na sani, za su ce gasa ta ƙarato. Ka ce musu su je da abin da suke da shi. Ka cire ta daga ƙungiyar cocinku har sai likita ya yarda. Ba aure, ba jana'iza, ba ɗan baiti ɗaya don baƙi su ji. In na sami labari an sa ta waƙa ko a falo ne, zan rufe inji, in hau mota, in zo cocinku mai bene ranar Lahadi, in jira lokacin shaida, in fita gaba in ba da tawa. Ka tambayi dattawan Gumel ko zan iya. Ban manta ba kai ka riƙe ta tun da ta shiga jami'a, ta ci naka ta sha naka, ba ka taɓa bambanta ta da 'ya'yan cikinka ba. Na san kana ƙaunar ta. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo, shi ya sa kuma kai nake rubuta wa, ba wani ba.

Ka gaishe mini da Mama Rifkatu, ka ce mata na sa riɗi da zoɓo a jakar Dinah, zoɓon nata ne kada yara su taɓa. Ina gaida Hannatu da maigidanta da jariri, Allah ya raya. Ina gaida Bulus, Allah ya ba shi aikin da yake nema. In ka je ƙauye ka gaida Kaka, amma kada ka gaya mata maganar nan, kukan da ta yi bana ya ishe ta. Habila yana gaishe ku duka. Iya Sabuwa ma ta ce a gaida baƙon nan mai hula da ya sha furarta bai dawo da ƙwarya ba.

Abu na ƙarshe. Na san al'adar gidanka, kowace safiya kafin a karya sai an yi addu'ar iyali, kuma Dinah ce ke ɗaga waƙa. In kun taru, kowa zai juya ya kalle ta. Kada ka bari shirun ya yi tsawo har kunya ta sa ta buɗe baki. Kai ka ɗaga, Yaya. Na san muryarka, ba ta da daɗi ko kaɗan. Ka ɗaga haka nan, Allah zai gane.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da gidanka.

Ni ce matar ƙaninka,
Cecilia Elias, Maman Dinah.